Idi A Gidan Makoki

A watan Nuwamba da ya wuce, bayan mun tashi daga taron Zumuntar Mata, wata ƙaramar mace ta tsaya tana jirana a bayan majami'a. Ɗanta ya rasu da damina, bai ko cika shekara biyu ba. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, dole ne in yi anko? Dole ne in zo sujadar Kirsimati? Ni fa tsoron ranar nan nake ji." Na riƙe hannunta na faɗa mata 'yan kalmomi, amma da na koma gida sai na ga ban ba ta ko rabin abin da ke cikina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin ita, da kuma duk wanda idi zai zo ya tarar da gurbi a gidansa. Ni ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Uwa ce ni kawai, wadda ta binne 'yarta ta fari a baƙuwar ƙasa, ana saura makonni kaɗan a yi idi biyu, ɗaya na maƙwabtana, ɗaya nawa.

Mu mutanen ƙasar Malumfashi ne. A shekara ta 2008 maigidana, wanda ma'aikacin lafiya ne, ya sami aiki da wata ƙungiya mai yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya a ƙasar Sudan. Abin da ya sa aka ɗauke shi kuwa, Hausa ce, gama ƙauyukan da za a tura shi na Hausawa ne. Da yawa daga cikinmu a nan ba su san cewa akwai 'yan'uwanmu masu yawa a can ba. Waɗansu jikokin mahajjata ne da suka kama hanyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma, har zama ya kama su. Waɗansu kuma jikokin mutanen da suka yi hijira ne bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira da sunansa, Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, sai aikin gona ya ƙara jawo mutanenmu.

Ƙauyen da muka zauna yana kudu da birnin Wad Madani. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙar laka, magudanan ruwa sun ratsa ta ko'ina. Suna kiran magudanar tur'a, gona kuma hawasha. Ruwan nan shi ne arzikinsu, shi ne kuma masifarsu, gama a cikinsa sauro yake hayayyafa, a cikinsa yara suke kwasar tsargiya wurin wanka. Hausarsu ta gauraye da Larabci, amma idan tsohuwa ta buɗe baki sai ka rantse a Bakori aka haife ta. A garin nan kaf mu kaɗai ne Kirista. Ranar Lahadi mukan hau mota mu tafi Madani sujada, inda ake yi da Larabci, yawancin masu zuwa kuwa mutanen kudancin Sudan ne da na duwatsun Nuba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa da kowa yake kira Iya. Kakanta daga ƙasar Kano ya fito. Ita ta koya mini yin kisra, wato wainar dawa mai laushi kamar takarda, ita ta koya mini dafa gahawa a tulun jabana. Ta san mu Kirista ne tun ranar da muka sauka. Mun sha yin maganar addini, ba ta ja ni ba, ni ma ban ɓoye mata abin da na gaskata game da Yesu ba. 'Yata kuwa a ɗakinta take wuni, tare da jikarta wadda suke tsara.

Za ku lura ban rubuta sunan yarinyar ba. 'Yar fari ce, ku kuwa kun san al'adarmu. An yi mini tarbiyya a kan cewa uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Shekara shida tana duniya, ban taɓa kiran sunanta da bakina a gaban kowa ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekara ta 2011 shekara ce mai nauyi a Sudan. Ran 9 ga Yuli kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai zaman kanta. Tun kafin ranar 'yan'uwanmu na kudu suka fara ɗaure kaya suna tafiya Kosti su jira jirgin ruwa, kowace Lahadi bencunan majami'a suna ƙara zama wayam. A watan Satumba faɗa ya ɓarke a Damazin, can kudu da mu. Ƙaramar Salla ta kama ƙarshen Agusta. Da na ga dukan yaran gari za su sa sababbin kaya, sai na tafi kasuwar Madani na yanko yadi kala biyu. Ɗaya aka ɗinka mata ta yi yawon salla da ƙawarta, domin kada a bar ta ita kaɗai a gida. Ɗayan, mai ruwan ganye da fararen furanni, na naɗe na ajiye a ƙasan akwati. Ita ta zaɓe shi da kanta, ta ce na Kirsimati ne.

A farkon Oktoba zazzaɓi ya kama ta. Babanta yana wani ƙauye mai nisa suna aikin kwana uku. Na ba ta magani, da safe ta ji sauƙi har ta sha kunu, na ce ai an wuce wurin. Da dare jikinta ya sake yin zafi kamar garwashi, ta fara jijjiga. An yi ruwa da yamma, wanda kuwa ya san lakar Jazira ya san cewa idan ta jiƙe, mota ba ta motsi. Samarin gari suka ɗauke ta a kan gadon igiya har bakin kwalta, Iya tana biye da mu da fitila, ba ko takalmi a ƙafarta. Mun isa asibiti da asuba. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kafin azahar ta cika. Babanta ya iso ya tarar an riga an rufe ta da zane.

Muka binne ta a maƙabartar Kirista da ke birni. Fasto ya yi addu'a da Larabci, rabi na ji, rabi ban ji ba. Mutanen ƙauyenmu suka cika mota biyu suka raka mu, suka tsaya daga gefe har aka gama. Kwana uku gidanmu yana cike, ban hura wuta ba, ban ɗebo ruwa ba. Masu gaisuwa suna cewa, "Sannu da haƙuri. Allah ya mayar da gurbi." Ina amsawa yadda ya kamata. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Har na ji mata suna yabona, wai baƙuwar nan akwai dauriya. Ba dauriya ba ce, kunya ce, da kuma wani abu kamar dutse da ya tsaya mini a maƙogwaro.

Bayan zaman makoki kowa ya koma harkarsa, gama lokacin cirar gyaɗa ne. A nan ne na fara sanin abin da ake kira rashi. Ba wanda yake ambatonta. Mutane suna tsoron kada su tayar mini da hankali, sai suka yi kamar ba a taɓa yin ta ba. Maigidana yakan fita tun da duhu ya dawo da duhu, mu ci abinci shiru. Ƙanenta, mai shekara biyu, yakan leƙa bayan ƙofa yana nemanta, yana tsammani wasan ɓuya suke yi.

Sai ga Babbar Salla a farkon Nuwamba. Tun ana saura mako guda gari ya cika da kukan raguna da ƙamshin cincin irin nasu. Na ce a raina, wannan ba idina ba ne, zan kulle ƙofa in kwanta har ya wuce. Amma ƙarar yara ba ta san kulle ba. Da safe ina jin su suna gudu a lungu, ina gane muryar kowannensu, ina jiran wata murya da na san ba za ta zo ba.

Da aka sauko daga idi sai na ji sallama. Na yi shiru. Aka sake. Na buɗe, sai ga Iya da mata kusan goma, kowace da sabon lulluɓi, ko gidajensu ba su koma ba. Na ce, "Iya, yau ranar murnarku ce, me ya kawo ku gidan nan?" Ta ce, "'Yata, a garin nan ba a fara barka da salla sai an fara shiga gidan da aka yi rashi a cikin shekara. Gidanki ne na uku, saura biyu." Ta zauna a kan tabarma, ta jawo ni jikinta, sai ta kira sunan yarinyar. Ta kira shi sarai, da ƙarfi, yadda takan kira shi ta kan katanga. Ta ce, "Da tana nan, da yanzu ta zo ta dame ni da neman hanta." Wata ta ce ai ita ce ta ɓarar mata da manja a wancan watan. Wata ta tuna yadda take cakuɗa Larabci da Hausa. Suna faɗa suna kuka, suna kuma dariya. Dutsen nan da ke maƙogwarona ya narke. Na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, ba kuwa wadda ta ce mini in yi shiru. Da na gaji, Iya ta share mini fuska da gefen mayafinta, suka tashi suka nufi gida na huɗu. Da rana aka aiko mana da nama, na kuwa ci.

Daga baya Iya ta gaya mini cewa tara ta haifa, ta binne huɗu. Ta ce, "Salla ba ta taɓa zuwa ban ƙirga su ba. In na gama ƙirgawa sai in tashi in ɗora tukunya, don masu rai ma suna da hakki." Ni da ita ba mu tsaya a wuri ɗaya ba game da Ubangiji Yesu, amma ban ji kunyar koyon wannan daga bakinta ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Duk da haka, da Kirsimati ta matso, tsoro ya dawo sabo. Wannan karon idina ne. A gida Nijeriya na san yadda take: a yi watanda a raba naman sa, tela ya kwana bai runtsa ba, yara su yi ta koyon wasan kwaikwayo na makiyaya da mala'iku, a kai wa maƙwabta shinkafa a langa. A Sudan kuwa bayan rabuwar ƙasar an cire Kirsimati daga ranakun hutu na gwamnati, sai a 2019 aka mayar da ita. A ƙauyenmu dama rana ce kamar kowace rana. A wannan shekara ta faɗo ranar Lahadi, Lahadi kuwa ranar aiki ce a can. Na yi shawara da zuciyata cewa ba zan je ko'ina ba. A gaskiya fushi nake yi da Allah. Ina cewa, yaya zan je in yi waƙar haihuwar ɗa, alhali nawa yana cikin ƙasa?

Daren jajibere na buɗe akwati zan ɗauki wani abu, sai hannuna ya taɓa yadin nan mai ruwan ganye. Na zauna a ƙasa da shi a cinyata. Maigidana ya shigo ya gan ni. Tun ranar jana'iza ba mu yi maganarta ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ni nake yawo gari gari ina gaya wa mutane su kawo yara da wuri. Tawa kuwa ba na nan." Na ce, "Ni ce na ga ta sha kunu na ce ta warke." Ashe wata biyu da rabi kowannenmu yana ɗauke da laifi a kansa, kowa kuma yana tsammani ɗayan yana zarginsa a zuci. Muka zauna a ƙasa muka yi kuka tare. Ya ce mu yi addu'a, amma ba wanda ya iya haɗa magana. Abin da kawai ya fito daga bakinsa shi ne, "Ya Uba, ka gani." Na ce amin.

Da safe muka tafi Madani. Ban sa sabon kaya ba. Muka fara biyawa ta maƙabarta, muka share kabarin, sa'an nan muka shiga majami'a muka zauna a bencin baya, kusa da ƙofa, domin in fita idan abin ya fi ƙarfina. Mutane ba su kai rabin na bara ba. Kusan kowa a wurin yana kewar wani, waɗansu danginsu sun tafi kudu, waɗansu ba su san halin da nasu suke ciki a duwatsun Nuba ba, inda ake ta yaƙi tun watan Yuni. Na fita sau ɗaya, lokacin da yara suka tashi yin waƙa. Wata mata 'yar Nuba ta biyo ni waje, ba ta ce kome ba, ta tsaya kusa da ni har suka gama, muka koma tare.

A makon nan na ɗauki Littafi Mai Tsarki na karanta labarin haihuwar Ubangijinmu daga farko har ƙarshe, ban tsaya inda wasan kwaikwayon yara yake tsayawa ba. Mukan rufe labarin a kan masanan taurari da kyautansu, amma Matiyu sura ta 2 ba ta ƙare a nan ba. Hirudus ya aika aka karkashe yara maza na Baitalami, daga mai shekara biyu zuwa ƙasa. Matiyu ya tuna da maganar annabi Irmiya game da Rahila, uwar da ta ƙi karɓar ta'aziyya saboda 'ya'yanta. Bai tsauta mata ba, bai ce ba ta da bangaskiya ba. Ya sa kukanta a tsakiyar labarin Kirsimati ya bar shi a nan. Yusufu da Maryamu kuwa suka gudu da jaririn zuwa Masar, ƙasar da ruwan kogin da ke wucewa ta kusa da ƙauyenmu yake gangarawa. A Luka sura ta 2 kuma, tun jaririn yana da kwana arba'in, tsohon nan na Haikali ya gargaɗi Maryamu cewa baƙin ciki mai sukar zuciya yana jiranta. Daga baya na sami labari cewa tun zamanin dā ikkilisiyoyi da yawa sukan keɓe ran 28 ga Disamba domin tunawa da yaran Baitalami, kwana uku kacal bayan Kirsimati. Ashe iyayenmu cikin bangaskiya sun san abin da matan ƙauyen Iya suka sani: idin da bai bar wuri domin masu makoki ba, bai cika ba.

Wannan bai ɗauke mini ciwon ba, amma ya ɗauke mini tunanin cewa ni baƙuwa ce a Kirsimati. Allah bai aiko da Ɗansa cikin duniyar da kowa yake dariya ba. Ya aiko shi cikin duniyar da yara suke mutuwa, domin wannan mutuwar ce ya zo ya karya. Shi da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, bai hana masu bi baƙin ciki ba. Abin da ya nuna shi ne, namu baƙin cikin yana tafe da bege. Na gaskata 'yata tana wurin Yesu, na gaskata zan gan ta. Amma begen nan bai hana hannuna neman kanta da zan yi wa kitso a daren jajibere ba, ban kuma ga inda aka ce laifi ne ba.

Yanzu bari in yi magana da ke, 'yar'uwata, da kai ɗan'uwana, da wannan ce Kirsimatinku ta fari.

Ba dole ba ne ki yi anko. Ba dole ba ne ki dafa abin da kika saba dafawa, ko ki karɓi baƙi. Ki zauna da maigidanki tun kafin ranar, ku yanke abin da za ku iya, ku bar abin da ba za ku iya ba. Na lura cewa kwanakin jira sun fi ranar kanta wuya, shiri kuwa yana rage tsoro. Sujada kam ina roƙonki ki je, ko da a bencin baya za ki zauna, ko da za ki fita sau biyar. Idan kin kasa bana, Ubangiji ya san ƙurar da aka yi mu da ita, ba zai kore ki ba. Sai dai kada ki kulle ƙofa ki zauna ke kaɗai, gama kaɗaici yana ƙara wa baƙin ciki haƙora.

Ku yi magana da juna, miji da mata. Namiji yakan ɓoye nasa cikin aiki, mace ta ga kamar bai damu ba, Shaiɗan kuwa ya sami ƙofa. Idan akwai abin da kuke zargin kanku da shi, ku faɗe shi a fili, ku yafe wa juna, ku kai shi gaban Allah. Idan kuma makonni suna wucewa ba barci, ba cin abinci, ko zuciya ta fara raya wa mutum ya bi yaron, to, kada a tsaya ga addu'a kaɗai. A gaya wa fasto ko wani dattijo, a kuma ga ma'aikacin lafiya. Neman taimako ba rashin bangaskiya ba ne.

Ku tuna da yaran da suka rage. Su ma sun yi rashi, suna kuma duban fuskarku domin su san ko an yarda su yi murna. Ku ɗinka musu kaya, ku bar su su je wasa. Idan dariya ta kuɓuce miki a ranar, kada ki ga kamar kin ci amanar wanda ya tafi. Sarki Dawuda ya yi azumi ya kwanta a ƙasa sa'ad da ɗansa yake ciwo, amma bayan yaron ya rasu ya tashi ya yi wanka, ya shiga ya yi sujada, ya ci abinci, yana sane da cewa shi ne zai je wurin yaron wata rana.

Ku kuma ba yaron wuri a cikin idin. A Kirsimati ta biyu na ciro yadin nan na kai wa tela, aka ɗinka wa jikar Iya. Da na gan ta a ciki sai da na koma ɗaki na zauna, amma ban yi da na sani ba. Tun daga lokacin, kowace shekara nakan ɗinka wa wata yarinya da iyayenta ba su da hali. A daren jajibere kuma, sa'ad da muka taru domin addu'ar iyali, nakan kira sunan 'yata da bakina, a gaban babanta da ƙannenta, in gode wa Allah saboda shekara shida da ya ba mu aronta. Ban raina al'adar iyayenmu ba, kunya ado ce. Amma na yi nadamar shekara shida da na hana kaina daɗin sunan nan, ina kuwa shawartar iyaye mata, ko a cikin ɗaki ne, ku kira 'ya'yanku na fari da sunansu tun suna jin ku.

Sauran maganata ga ikkilisiya ce. Mu masu zuwa jana'iza ne, wannan kam ba a fi mu ba. Amma bayan wata biyu, sa'ad da ganguna suka fara tashi, wa yake tunawa? Me zai hana dattawa da shugabannin Zumuntar Mata su rubuta gidajen da aka yi rashi a cikin shekara, a fara da su da safiyar Kirsimati kafin a shiga ziyarce-ziyarce? Zumunci a ƙafa yake. Idan kun je, ba sai kun yi wa'azi ba. Kada ku ce, "Ai kuna da sauran yara," ko "Za ki sake haihuwa." Ɗa ba kwano ba ne da za a sayo wani a madadinsa. Na haifi biyu bayanta, ina ƙaunarsu kamar raina, amma gurbinta yana nan yadda yake. Ku kira sunan yaron, ku faɗi wani abu da kuka tuna game da shi. Idan uwar ta yi kuka, ba ku ne kuka sa ta ba, ƙofa kawai kuka buɗe wa abin da ya daɗe yana neman hanya. A cikin addu'ar sujada ma a ambaci masu makoki, domin wanda yake bencin baya ya san an gan shi.

Mun dawo gida a 2013. Na bar kabarin a hannun Allah da na 'yan'uwa na Madani, ina cewa wata rana zan koma. A 2022 muka ji labarin rikicin jihar Shuɗin Nilu, inda aka kashe mutane da yawa, har da Hausawa. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Hartum, mutane suka kwarara zuwa Madani neman mafaka. Sai kuma a watan Disamba na wannan shekara, ana saura mako guda Kirsimati, Madani ma ta faɗi, dubban ɗaruruwan mutane suka watse. Waya ta yanke. Na yi wannan Kirsimati ban san ko Iya tana da rai ba, ban san ko wani ya taka kabarin 'yata ba. Sojojin gwamnati sun sake karɓar birnin a Janairu 2025, amma iyaye nawa ne a ƙauyukan Jazira da Sinnar suka binne 'ya'yansu a bakin hanya, saboda harsashi, ko kwalara, ko yunwa, ba su ma da kabarin da za su share ranar idi? Idan kuna addu'a a wannan Kirsimati, ku tuna da su. Harshenmu ɗaya da su, hawayenmu ma iri ɗaya ne.

Bayan watanni masu yawa saƙon murya ya shigo wayar maigidana ta WhatsApp, daga wata lamba da ba mu sani ba. Jikar Iya ce, ta zama babbar mace har da goyo. Ta ce sun yi gudun hijira, sun sha wuya, amma suna nan da rai. Sai ta miƙa wa tsohuwar waya. Muryar ta tsufa, tana rawa. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yaran da ba ta taɓa gani ba. A ƙarshe ta ce, "'Yata, har yanzu in na ƙirga nawa ranar salla, ina haɗawa da taki." Ta kuma kira sunan.

Ita kuwa ƙaramar macen nan da ta tare ni a bayan majami'a, ba ta yi anko ba. Da safiyar Kirsimati mu huɗu muka je gidanta kafin sujada, muka zauna a tabarma, muka kira sunan ɗanta. Daga nan muka tafi majami'a tare, na zauna da ita a bencin baya, kusa da ƙofa.

Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ku a wannan idi, ya ba ku ƙarfin kwana ɗaya ɗaya, har ranar da zai share mana hawaye da hannunsa. Amin.